Yadda na kusa ajiye alƙalami, da yadda na sake tsara lokacin rubutuna

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne, kowa a gidan ya yi barci. Ina zaune gaban kwamfuta tun goma da 'yan mintuna, amma abin da ke kan allon bai wuce sakin layi ɗaya ba. Na karanta shi ya fi sau ashirin. In goge jimlar farko, in mayar da ita, in canza kalma ɗaya, in sake gogewa. Ɗan layin nan da ke ƙiftawa a ƙarshen jimla yana ta ƙiftawa, idona yana raɗaɗi kamar an watsa masa yashi, wuyana ya sage. Batun da nake rubutu a kai kuwa batu ne da na yi shekaru ina burin in yi magana a kansa, amma a daren nan ko takensa ba na son gani. Wannan shi ya tsorata ni. Gajiya na saba da ita tun tuni, amma ban taɓa jin ƙyamar abin da nake ƙauna ba sai ranar.

Wata goma sha huɗu kafin wannan dare na yi wa kaina da masu karanta rubutuna alkawarin maƙala uku a kowane mako: Litinin, Laraba da Asabar. Ba wanda ya tilasta ni. Ina da aikin da nake riƙe iyalina da shi daga safe zuwa yamma, rubutu kuwa abin so ne kawai. Yadda na tsayar da ukun nan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. A wani hutu na mako biyu da na samu, na rubuta maƙala bakwai cikin nishaɗi, kamar ana zuba mini. Sai na ce ashe uku a mako ba wani abu ba ne. Na ɗauki ƙarfin mutumin da ke hutu, ya ƙoshi da barci, kansa cike da abubuwan da ya tara shekara da shekaru bai faɗa ba, na mayar da shi ma'aunin kowane mako na rayuwata.

Wata huɗu na farko komai ya tafi daidai, domin daga ajiya nake ci. Daga nan rijiyar ta fara ja baya. A da nakan rubuta abin da na daɗe ina juyawa a raina. Yanzu sai in karanta abu ranar Talata da dare, in rubuta a kansa kafin wayewar Laraba, bai ko zauna mini a kai ba. Na daina karanta littafi don jin daɗi. Duk abin da na ɗauka, tambayar da ke raina ita ce ko za a iya tatsar maƙala daga cikinsa. Ko hira nake da aboki, rabin hankalina yana farautar abin rubutawa. Da na fitar da ta Litinin kuma, ba na samun ko awa ɗaya ta farin ciki, domin ta Laraba ta riga ta tsaya a bakin ƙofa.

Barci ne ya fara biyan bashin. Daga awa bakwai na koma biyar, wani daren huɗu. Likitoci sun daɗe suna cewa babban mutum yana bukatar aƙalla awa bakwai a dare, na kuma san da haka sarai, amma nakan ce zan rama ranar Lahadi, ba na kuma ramawa. Na zama mai saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana ƙaramar 'yata ta kawo mini zanen da ta yi a makaranta, na ce mata ya yi kyau ban ɗaga kai daga allon ba. Ta tsaya jim, ta ajiye takardar a gefen madannai, ta fita. Da dare mahaifiyarta ta ce mini cikin sanyin murya, "Abban yara, kai ke riƙe da rubutun nan ko shi ke riƙe da kai? Yarinyar nan ko kallon takardarta ba ka yi ba." Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Na juya na ga takardar tana nan inda aka ajiye ta, na ma ɗora kofi a kan gefenta.

Daren sakin layi ɗaya ya zo bayan wannan da kamar mako uku. Na rufe kwamfutar ban adana komai ba. Washegari Laraba ba abin da ya fito, haka ma Asabar. Mako biyar cur ban rubuta ko jimla ɗaya ba. Kada a ɗauka hutawa na yi. Kunya ce ta cika ni, ina jin kaina kamar wanda ya ci bashi yake ɓuya. Duk ranar Litinin, Laraba ko Asabar sai in tashi da nauyi a ƙirji.

A cikin waɗannan makonni na fara neman sanin abin da ya same ni, na kuma tarar abin yana da tarihi. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta inda shi ma yake aiki da dare bayan ya tashi daga nasa aikin. Ya lura da yadda mutanen da suka fara da zafin nama suke lafawa a hankali har su zama kamar fanko, ya kuma kira yanayin "burnout", kalmar Turancin da ake faɗa wa wutar da ta ci har ta cinye makamashinta ta mutu. Abin da ya fi taɓa ni a bayaninsa shi ne cewa masu sadaukarwa, waɗanda suka fi kowa ɗaukar aikin da zuciya ɗaya, su ne abin ya fi kamawa. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a bugu na 11 na kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta ƙidaya shi cikin cututtuka ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci ko jin haushinsa, da raguwar ingancin abin da mutum yake yi. Na karanta ukun nan na ga kaina a cikin kowace. Ta biyun ce ta ba ni sauƙi, domin na gane ƙyamar da na ji a daren nan alama ce ta abin da ya same ni, ƙaunar rubutun tana nan a ƙasa.

Abu ɗaya nake so in faɗa da babbar murya kafin in wuce. Ni abin ya tsaya a kan rubutu ne. Da na bar shi na 'yan makonni, barcina ya dawo, na koma dariya da yarana. Wanda ya ga duhun ya mamaye masa komai, ba ya jin daɗin iyali, ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙi ko bayan ya ajiye aikin, to gyaran jadawali ba zai wadatar ba, ya je ya ga likita.

A mako na biyar na ziyarci tsohon malamina, wanda ya fara koya mini rubutun insha'i. Bayan mun gaisa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina ganin rubutun nan ya ƙare mini. In na zauna ba abin da ke zuwa."

Ya ce, "Maƙala ɗaya awa nawa take ɗaukar ka?"

Na ce, "Uku, ko huɗu in ta yi tsawo."

"Ka taɓa aunawa, ko dai ji kake?"

Na yi shiru.

Ya ce, "To ɗana, je ka auna tukuna. Wanda bai san nauyin kaya ba, ba zai san ko wuyansa ne ya gaza ko kayan ne suka yi yawa ba. Ka yi wata guda kana rubutu, kada ka fitar da komai, kada ka taɓa barcinka. Ka dai riƙa rubuta lokacin da ka zauna da lokacin da ka tashi."

Haka na yi. Na sami ƙaramin littafi na ja layi huɗu a kowane shafi: rana, lokacin farawa, lokacin tashi, da abin da na yi. Sharaɗin shi ne a ƙirga komai. Karatun da na yi don in fahimci batun, a ƙirga. Minti ashirin da na ɓata ina tabbatar da shekarar da wani abu ya faru, a ƙirga. Neman taken da ya dace, karatun ƙarshe don kama kuskuren harafi, duk a ƙirga. A nan na gane inda nake yaudarar kaina. Idan na ce awa uku, lokacin da yatsuna suke kan madannai kawai nake nufi. Duk sauran aikin ban taɓa ɗaukar sa aiki ba.

Bayan mako huɗu na zauna na yi lissafi. Na kammala maƙala huɗu, kowace ta ci kusan awa 8: uku a karatu da tara bayanai, biyu a zubin farko, uku a gyara da tacewa. Lokacin da na samu na rubutu ba tare da na taɓa barci ko haƙƙin iyali ba kuwa, a makon farko awa 13 ne, na biyu 9, na uku 5, na huɗu 8. Makon awa biyar ɗin nan ba wani bala'i ne ya faru a cikinsa ba. Aiki ne ya yi yawa a ofis, muka yi baƙi kwana biyu, yaro ya yi zazzaɓi, irin makon da kowa yake samu sau ɗaya ko biyu a wata. Na daɗe ina kallon lambobin nan. Maƙala uku a mako na nufin awa 24. A makon da ya fi kowane sauƙi ina da 13. Ke nan wata goma sha huɗu na yi ina cike giɓin awa 11 zuwa 19 a kowane mako, kuma ba inda nake samo su sai daga barcina da lokacin iyalina, sai kuma ta hanyar rage karatu da gyara, wanda shi ya sa rubutun ya riƙa fitowa salam babu armashi.

Daga baya na ga ba ni kaɗai ke wannan kuskuren lissafi ba. A 1994 wasu masu bincike a Kanada, Roger Buehler da Dale Griffin da Michael Ross, sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa suke ganin zai ɗauke su kafin su gama kundin kammala digirinsu. A matsakaici ɗaliban suka ce kusan kwana 34. Aka ce su faɗi adadin idan komai ya cuɗe musu, suka ce kusan 49. Da aka bi diddigi, sai da suka yi kusan kwana 56. Wato ko hasashensu na mafi munin yanayi bai kai abin da ya faru a zahiri ba. Mutum idan yana tsara aiki, hoton ranar da komai zai tafi daidai yake gani, yakan manta da yadda ayyukansa na baya suka kaya. Maganin da ya fi kusa shi ne a duba abin da aka rubuta na baya maimakon a tambayi zuciya, kuma abin da ɗan littafin nan ya yi mini ke nan.

Saboda haka na yanke shawarar da ta fi kowace yi mini zafi: zan auna alkawarina da makon awa biyar. Mako biyu masu tsanani a jere sun ba da awa goma, maƙala ɗaya tana cin takwas. Ke nan abin da zan iya cikawa ko da rayuwa ta matse shi ne maƙala ɗaya a mako biyu. Daga shida zuwa ɗaya. Kwana uku na yi ina jayayya da kaina. Ina ganin wasu marubuta suna fitar da abu kullum, zuciyata tana cewa za a manta da ni. Amma ban san awa nawa suke da ita ba, ban san wa ke taya su ba, ban kuma san abin da suke biya a ɓoye ba, kamar yadda ba wanda ya san abin da nake biya lokacin da nake fitar da uku. Na sanar da masu karatu a 'yan layuka, ba dogon uzuri: na dawo, daga yanzu sau ɗaya a mako biyu, ranar Litinin. Wasu sun tafi, ba zan ɓoye ba, kuma na ji zafin hakan. Wasu kuma da na ɗauka ko lura ba su yi da ɓacewata ba, su suka fara yi mini barka da dawowa.

Abin da ya biyo baya shi nake kira rumbu. Daga maƙala huɗun da na rubuta lokacin awo, ɗaya na ga ba ta cancanci fitowa ba, uku na ajiye. Tunda alkawarin ya yi ƙasa da abin da nake iya yi a mako na yau da kullum, rarar sai ta riƙa shiga ajiya. Dokar rumbun ɗaya ce: abin da ba ya tsufa ne kaɗai ke shiga, irin maƙalar da in an karanta ta yau ko bayan wata shida duk ɗaya ne. Bayan wata biyu ajiyar ta kai shida, sai na koma fitarwa kowace Litinin. Amma a ranar da na koma, na rubuta a bangon littafin cewa duk lokacin da ajiya ta sauko zuwa biyu, zan koma mako biyu-biyu ba tare da shawara da kowa ba, har sai ta sake kai shida. Na rubuta shi ne tun ina cikin natsuwa, domin na san ranar da abin zai zo, zuciya za ta kawo hujjoji. Amfanin rumbun ya wuce cike gurbi. Maƙalar da nake rubutawa yau ba ita za ta fita Litinin mai zuwa ba, don haka ba na rubutu da wuƙa a wuya, kuma idan ta ƙi daɗi ina da damar jefar da ita.

Sai rabon aikin. A da nakan zauna zama ɗaya ina karatu, ina rubutu, ina gyara, duk a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Mai zuba magana yana bukatar a sakar masa mara, mai gyara kuwa aikinsa tsayar da kowace kalma ya tuhume ta. Idan suka zauna kujera ɗaya, sakamakon shi ne daren nan na sakin layi ɗaya. Yanzu Litinin da Talata karatu ne da tara bayanai, awa ɗaya da rabi kowace rana, da biro da takarda. Laraba da Alhamis zubin farko, awa ɗaya-ɗaya. A nan ba na komawa baya. In na rasa wata shekara ko wani suna, sai in sa alamar tambaya uku in wuce, domin da zarar na buɗe intanet don duba abu ɗaya, awar ta tafi. Juma'a ba na taɓa daftarin, ina barin sa ya huce. Asabar da safe awa uku na gyara, kuma da ƙarfi nake karanta shi, domin kunne yana kama tuntuɓen da ido ya tsallake. Inda numfashina ya ƙare kafin jimla ta ƙare, a nan nake raba ta biyu.

Na mayar da rubutun safiya, kafin in tafi aiki, wanda ya tilasta mini kwanciya da wuri. Da farko na raina awa ɗaya. Na saba ganin cewa rubutun kirki sai an sami dogon lokaci, an kulle ƙofa, an nutse. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Boice, ya shafe shekarun 1980 da 1990 yana nazarin yadda malaman jami'a suke rubutu, ya kuma nuna cewa masu zama kaɗan-kaɗan a kai a kai suna samar da rubutu fiye da masu jira sai sun sami sarari su yi zaman dirshan na sa'o'i masu yawa. Na ga dalilin a jikina. Zaman dirshan yana barin mutum a gajiye, gajiyar kuma ta sa shi gudun kujerar kwana da kwanaki, in ya dawo sai ya ɓata awar farko yana neman inda ya tsaya. Wanda ya tashi jiya da sauran ƙarfinsa kuwa, zaren yana hannunsa.

Na gwada tsarin nan da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a Italiya a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibi, na aiki minti 25 da hutun minti 5. A karatu da gyara ya yi mini daidai. A zubin farko kuwa ƙararrawar takan katse ni daidai lokacin da maganar ta fara gudana, sai na mayar da shi minti 50. Abin da na riƙe daga tsarin shi ne agogo yana faɗa mini lokacin tashi, kuma tashin nan shi ne darasin da ya fi ba ni wuya. Ranar da rubutu yake zuba, kwaɗayi yakan ce ƙara awa ɗaya. Sau da yawa na ƙara, kuma kusan duk lokacin da na ƙara, washegari nakan zauna a bushe. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wayata kuma a wani ɗaki take kwana, ba na ɗauko ta sai na tashi daga kujerar.

Akwai wata 'yar dabara da ba ta cin minti biyu amma ta dawo mini da dararena. Kafin in rufe littafin, nakan rubuta layi ɗaya: gobe ga inda zan fara, ga abin da zan ce. Misali, "sakin layi na biyar, fara da labarin malam, sannan a kawo lissafi." A da aikin da ban gama ba yakan bi ni har kan gado, in yi ta juya jimloli cikin duhu. A 2011 wasu masu bincike a Amurka, Masicampo da Baumeister, sun nuna cewa burin da ba a cika ba yakan riƙa kutsawa cikin tunanin mutum yana hana shi mai da hankali kan wani abu, amma da zarar ya tsara takamaiman yadda zai yi shi, kutsen yakan lafa ko da bai taɓa aikin ba tukuna. Haka na gani. Da na rubuta layin nan, sai kaina ya yarda ya saki aikin har gobe. Da safe kuma ba farin allo nake tararwa ba, umarni nake tararwa da rubutun hannuna.

Lahadi ba rubutu, ba karatun neman abin rubutawa. Ranar nakan karanta abin da na ga dama, nakan fita tafiya a ƙasa, nakan zauna da yara su yi ta ba ni labarin da ba shi da kai ba shi da gindi. Ina yawo da ƙaramar takarda a aljihu, in wani tunani ya zo in rubuta kalma uku ko huɗu in mayar, ba na bin sa. Abin mamaki, yawancin batutuwan da suka fi yi mini kyau daga waɗannan takardu na Lahadi suka fito.

Ban zauna daram a kan tsarin nan dare ɗaya ba. A watan farko na sha makara, na sha tsallake rana, kuma tsohuwar ɗabi'ata ita ce in na rasa rana ɗaya in ce komai ya rushe, ko kuma in ninka aikin gobe don in rama. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, wanda aka buga a 2010, ya kwantar mini da hankali. Sun bi mutum 96 na tsawon mako 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a ta kullum. A matsakaici sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama jiki, amma tazarar tana da faɗi, daga kwana 18 har zuwa 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai yi wani tasirin kirki a kan kafuwar ɗabi'ar ba. Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida: ranar da ta wuce ta wuce, ba ramuwa. In na rasa Laraba, Alhamis awa ɗaya ce kamar kullum, maƙalar ta ƙara kwana, rumbu ya cike gurbin. Ni sai da na kusa wata uku kafin ƙafata ta riƙa kai ni kujerar da safe ba tare da na yi gardama da kaina ba.

Jarrabawar gaske ta zo ne bayan kamar shekara guda. Mahaifina ya kwanta rashin lafiya, mako uku muna asibiti, ni da 'yan'uwana muna karɓa-karɓar kwana. Ban buɗe kwamfuta don rubutu ba ko sau ɗaya. Kowace Litinin minti goma nake ɗauka in ciro ɗaya daga ajiya in fitar. Na tuna wani dare ina zaune kan kujerar roba a gefen gadonsa, yana barci, robar ƙarin ruwa tana ɗiga a hankali, sai na lura cewa ba wata maƙala da ke ja mini hankali. Gaba ɗayana ina wurin. Da a tsohon tsarina ne, da ina nan da waya a hannu ina haɗa jimloli cikin jin laifi ta kowane ɓangare. Alhamdu lillahi ya sami sauƙi muka koma gida. Ajiyar ta sauko zuwa uku, mako na huɗu ma awa biyu kacal na samu, ta koma biyu. Zuciyata ta kawo hujjojin da na san za ta kawo, cewa in na matsa kwana biyu zan cike. Na buɗe bangon littafin na karanta abin da na rubuta da hannuna, na koma mako biyu-biyu.

Har yanzu nakan zame. Jiki magayi, kuma na koyi saurarensa. In na ga na fara karanta littafi ina farautar maƙala a cikinsa ranar Lahadi, ko na wuce ƙarfe goma na dare a gaban allo kwana biyu a jere, ko na ji haushin wanda ya yi mini magana ina rubutu, na san na fara komawa gidan jiya. Sau biyu hakan ta faru a bana, kuma duk biyun bayan wata maƙala ta sami karɓuwa ne, na ji kamar in bi ta da wata nan da nan. A irin wannan lokaci nakan ɗauki mako guda in ajiye komai, in bar rumbu ya yi aikinsa.

Yanzu shekara biyu ke nan da 'yan watanni. Abin da nake fitarwa a shekara bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da nake fitarwa a da ba. Batun nan da na kasa rubutawa a daren sakin layi ɗaya, na koma masa bayan wata bakwai, ya ci mini awa 11, yana kuma cikin 'yan maƙalun da nake iya sake karantawa ban ji kunya ba. Zanen 'yata yana manne a bango sama da teburina, da da'irar gindin kofi a gefensa. Yau Alhamis, ajiya tana da biyar, na gama zubin farko na maƙalar wannan mako da alamar tambaya a wuri huɗu. A ƙasan shafin na rubuta wa Asabar layinta: a tabbatar da shekarun nan huɗu, a yanke sakin layi na biyu, ya yi tsawo.